TSOFAFFIN JIRAGEN SAMA DA ZANGON DAMAGARAM

  Ga mu kuma a filinmu na tarihi. Hirarmu ta yau a kan jirgin sama take, amma jirgin da, irin wanda kakanninmu suka fara gani. Wanda ke riƙe da wannan takarda, sai ya bi da yatsa sannu sannu. Akwai sunayen Turawa masu wuyar faɗi a ciki. Kada su ba ku tsoro. Shekaru da sunayen garuruwa su ne abin riƙewa.

BIKIN TSOFAFFIN JIRAGE

A ƙasar Faransa, kudu da birnin Paris, akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi La Ferté-Alais. Kusa da shi akwai filin jirgi wanda babu kwalta a kansa, sai ciyawa. Sau ɗaya a shekara, wajen watan Mayu ko Yuni, dubban mutane sukan taru a can. Sukan biya kuɗi su shiga, su zauna da ƴaƴansu, su ɗaga kai sama. Abin da suka zo kallo shi ne tsofaffin jiragen sama. A fito da su daga rumfa, a goge su, a zuba musu mai, a tashe su ɗaya bayan ɗaya. In kun taɓa ganin hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, to, kun gane abin. Can ma ado ne da sukuwa, sai dai babu doki.

A Ingila ma akwai irin wannan fili, a wani ƙauye mai suna Old Warden. A can ake ajiye da wani jirgi da aka ƙera tun 1909. Sunansa Blériot, sunan Bafaranshen da ya ƙago shi. Duk duniya babu jirgin da ya girme shi cikin waɗanda har yanzu suke iya tashi. Ba a tashinsa sai ranar da iska ta kwanta lis. Ko a ranar ma, sai ya ɗan ɗaga kaɗan, ya bi tsawon fili, ya sauka.

Jiragen da ake nunawa a waɗannan bukukuwa iri biyu ne. Akwai na asali, watau tsohon jirgin da kansa, wanda aka gyara. Akwai kuma na kwaikwayo. Shi wannan sabo ne, amma an ƙera shi daidai da tsohon, bisa zanen da magabata suka bari a takarda. Ku riƙe wannan magana ta takarda, za mu komo kanta.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wasan Turawa? Da ruwanmu. Ire-iren jiragen nan da ake biyan kuɗi a kalla, wasunsu sun sauka a ƙasarmu. Sun sha mai a Damagaram, mutanenmu ne kuwa suka share musu fili.

ITACE, YADI DA WAYA

Jirgi mai inji na farko da ya tashi da mutum, a Amurka ya tashi, ran 17 ga Disamba 1903. Wa da ƙane ne suka ƙera shi, ana ce da su Wright. Sana'arsu gyaran keke da sayar da shi. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci mita 37. Yaro mai gudu zai iya binsa a ƙasa. Bayan shekara 6, a 1909, Blériot ya ƙetare tekun da ya raba Faransa da Ingila. Bai cika minti 40 a sama ba.

Jiragen wancan zamani yawancinsu ba na ƙarfe ba ne kamar na yau. Masassaƙa ne ke haɗa gangar jikin da itace mara nauyi. Sa'an nan a lulluɓe shi da yadi mai ƙarfi, a ɗinke, a shafa masa wani irin fenti. In fentin ya bushe sai yadin ya ɗaure, ya yi tauri kamar fatar kalangu. Da yawa fukafukansu hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. A gaba akwai inji da farfela ta itace. Farfela ita ke jan iska ta tura baya, jirgi ya yi gaba. In ya yi gudu sosai, iskar da ke bi ta fukafukai sai ta ɗaga shi. Matuƙi a fili yake zaune, ba rufi, iska da ƙura suna dukan fuskarsa.

Babban ciwon waɗannan jirage shi ne mai. Tankinsu ƙarami ne. In sun yi ƴan sa'o'i a sama, tilas su sauka su sha. Saboda haka duk mai son tafiya mai nisa, sai ya nemi zango-zango a hanya, kamar madugu.

DAMAGARAM ZANGO CE TUN DA

Ba yau Damagaram ta fara saukar baƙi ba. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas, ya sauka nan kafin ya wuce Kano. Unguwar da fatake da Buzaye suke sauka har yau sunanta Zango. Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, aka riƙa haɗa albarushi a gari.

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedkwatar ƙasar Nijar duka, kafin a mai da ita Yamai. A waɗannan shekaru kuma jirgin ƙasa ya iso Kano daga Ikko. Kaya suka koma bin hanyar teku, ayarin Tarabulus ya yi ta raguwa har ya mutu.

Faransawa kuwa suna da wata damuwa. Suna mulkin Aljeriya a arewa, suna mulkin ƙasashenmu a kudu, ga hamada a tsakani. A ƙarshen 1916 Kawusan da mayaƙansa suka kewaye barikin Agadas. Sai a watan Maris 1917 sojan da suka taso daga Damagaram suka isa can. Wannan ya nuna wa Turawan cewa ƙafa da raƙumi ba su isa riƙe ƙasa mai faɗi haka ba. Da aka gama yaƙin duniya na farko a 1918, ga jirage da matuƙa birjik ba aikin yi. Sai suka ce bari su gwada ƙetare hamada ta sama.

RAƘUMI YA CECI MUTANEN JIRGI

Ran 18 ga Fabrairu 1920 jirage biyu suka tashi daga Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, suka nufo kudu. Kafin wannan rana, an riga an kai musu gangunan mai zango-zango, wasu a mota, wasu a bayan raƙumi. Ɗaya jirgin wani hafsa ne ke tuƙa shi, sunansa Vuillemin. Shi ya kai Menaka, a ƙasar Mali ta yau, daga baya ya wuce har Dakar. Ku riƙe sunansa, zai sake fitowa.

Ɗayan jirgin kuwa, irin wanda ake kira Breguet 14 ne. Wurin zaman mutum biyu ke gare shi, amma mutum uku suka shiga. Na ukun Janar Laperrine ne, babban hafsan sojan hamada. A kan cinyar bakanike ya zauna. Hazo ya rufe ƙasa, suka ɓace hanya, mai ya ƙare. Wajen sauka cikin rairayi sai jirgin ya kife. Janar ya ji ciwo. Suka zauna gindin fiffike suna auna ruwa kaɗan kaɗan, har suka koma shan ruwan da ke sanyaya inji. Ran 5 ga Maris janar ya mutu. Ran 14 ga Maris wasu sojan raƙuma masu wucewa suka tsinci sauran biyun, da sauran numfashi.

Ku dubi ikon Allah. An kawo jirgi domin a huta da raƙumi, ga shi raƙumi ne ya zo ceto.

SHEKARAR 1925

A wannan shekara tafiye-tafiye uku suka ratso ƙasashenmu. A lokacin Damagaram ce hedkwata, Barma Mustafa ne sarki. Ya hau gadon sarauta a 1923, ya yi mulki har 1950.

Tafiya ta farko ta Faransawa ce. Manyan jirage biyu, kowane da inji huɗu, suka taso daga Faransa a watan Janairu, za su tafkin Cadi. Sun ƙetare hamada lafiya, sun iso Yamai. A watan Fabrairu, wajen tashi daga Yamai, ɗaya ya faɗo. Mai kula da wayar iska ya mutu. Vuillemin da abokinsa Dagnaux suka ji ciwo ƙwarai. Nan tafiya ta tsaya.

Ta biyu ta mutanen Beljika ce. Su ke mulkin Kwango a lokacin, suna neman hanyar da ta fi jirgin ruwa sauri. Shugaban tafiyar sunansa Thieffry, tare da shi akwai matuƙi da bakanike. Jirginsu inji uku ke gare shi, fukafukai hawa biyu. Sun bar birnin Burusal ran 12 ga Fabrairu. Suka bi ta Faransa da Aljeriya, suka ƙetare hamada zuwa Gawo, suka biyo ta Yamai da Damagaram, suka wuce For Lami, wadda yau ake kira Njamena. A hanya iska ta dame su, farfela ta karye, suka zauna jiran wata. Sai ran 3 ga Afrilu suka isa birnin da yau ake kira Kinshasa. Kwana 51 ke nan. Cikin kwanakin nan duka, sa'a 75 kawai suka yi a sama. Sauran duk jira ne da gyara. Jirgin yau kuwa wajen sa'a 8 yake yi tsakanin biranen nan biyu.

Ta uku ta Ingilishi ce. Jiragen soja uku suka taso daga kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, wani hafsa mai suna Coningham yana gaba. Suka bi kogin Nilu zuwa Hartum, suka juyo yamma ta Alfashir, Abeshe, For Lami da Maiduguri. A farkon Nuwamba suka sauka Kano, a filin wasan dawaki, domin babu filin jirgi tukuna. Alhazan da sun san wannan hanya. Ita ce hanyar da mutanenmu suke bi a ƙasa zuwa Makka, wani ya yi shekara, wani ya yi shekaru, wani ya zauna a Sudan bai komo ba. Jirgi ya ci ta cikin kwana 6. Irin jirgin da suka zo da shi, akwai guda ajiye a gidan tarihin sojan sama a London.

RANAR JIRAGE 28

Babban abin kallo ya zo a 1933. Gwamnatin Faransa ta shirya wata tafiya, ta ɗora Vuillemin a kanta, a lokacin ya zama janar. Sun tashi daga kudancin Faransa ran 8 ga Nuwamba. Jirage 28 ne suka yi zagayen, dukansu iri ɗaya, ana ce da su Potez 25. Kowane inji ɗaya, mutum biyu. An ƙara musu girman tanki saboda tafiyar ƙasashe masu nisa. Gudunsu bai wuce kamar kilomita 200 cikin sa'a ba.

Sun bi ta Maroko, suka ƙetare hamada, suka sauka Gawo. Daga nan suka yi yamma zuwa Bamako da Dakar. Suka juyo gabas ta Wagadugu da Yamai, suka sauka Damagaram, suka wuce For Lami har Bangi. Sa'an nan suka komo ta hanyar Damagaram da Yamai da Gawo, suka sake ƙetare hamada. A watan Disamba suka isa Alje. Tafiyar ta fi kilomita 20,000.

Ba kaya suka kawo ba, ba fasinja suka ɗauka ba. To, mene ne amfanin tafiyar? Amfani biyu ne a wurin masu ita. Na ɗaya, su gwada ko rundunar jirage za ta iya zagaya ƙasashen da suke mulka ba tare da ɓata ba. Na biyu, su nuna ƙarfi: ga sauran Turawa, ga kuma mu da ake mulka. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin Badamagare. Sarki in ya fito da dawaki da ƴan bindiga ran salla, biki ne, amma kuma saƙo ne ga na kusa da na nesa. Jirage 28 a sararin Birni, shekara 34 bayan Tirmini, saƙo ne wanda ko wanda bai iya karatu ba ya karanta shi.

DAGA ABIN KALLO ZUWA ABIN HAWA

Bayan wannan sai jirgi ya zama abin yau da kullum a hanyar. A 1934 Faransa ta kafa wani kamfani na gwamnati, Dagnaux ne shugabansa, mutumin nan da ya faɗo a Yamai. Ƙafarsa ɗaya ta itace ce, ya rasa ta asali a yaƙi. Jiragen kamfanin masu inji uku ne. Suna tashi daga Alje, su bi Gawo, Yamai, Damagaram, For Lami, Bangi, har Barazabil. A watan Fabrairu 1935 kamfanin Sabena na Beljika shi ma ya buɗe hanyarsa zuwa Kwango, yana sauka Damagaram. Tafiyar da ta ci kwana 51 ta koma ƙasa da mako guda. Wasiƙu suke ɗauka, da ƴan fasinja kaɗan, yawanci ma'aikatan mulki. A 1936 Ingilishi kuma suka haɗa Hartum da Kano.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, sai hanya ta canza. A 1940 Jamus ta ci Faransa. Masu mulkin Nijar suka bi gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus, har ƙarshen 1942. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi Janar de Gaulle. Ingilishi suna son kai jiragen yaƙi Masar. Sai su kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can. Daga nan su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Cadi da Sudan. Tsakanin 1940 da 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Cikinsu akwai wanda ake kira Hurricane, wanda har yau ake tashinsa a bukukuwan Ingila. Kano ta cika da jirage. Damagaram, da ke kamar kilomita 240 arewa da ita, ba ta cikin hanyar.

Bayan yaƙi aka ƙero manyan jirage masu dogon zango. Ba su bukatar sauka kowane ƴan sa'o'i. Masu zuwa Kwango da Afirka ta Kudu suka koma sauka Kano. Daga baya ma suka daina sauka ko'ina a tsakani. Abin da jirgin ƙasa ya yi wa ayarin raƙuma, shi babban tanki ya yi wa zangon jirage.

Amma filinmu bai mutu ba. Bayan mun sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Nijar ta shiga cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961. Wannan kamfani ya rushe a 2002. A 1966 aka kafa Air Niger domin zirga-zirgar cikin gida, tsakanin Yamai, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. Shi ma ya daina aiki tuni. Cikin jiragensa na farko akwai DC-3, wanda ake yi wa laƙabi da Dakota. Inji biyu ke gare shi, jikinsa na ƙarfe, in ya tsaya hancinsa sama wutsiya ƙasa. Irinsa ya fara tashi a 1935. Dattawa da yawa cikinku sun gan shi, wasu ma sun hau. To, shi ma yau ya zama abin kallo a bukukuwan tsofaffin jirage.

WA YA SHARE FILI?

Yanzu mun zo ga zuciyar hirarmu. Jirgi ba ya sauka a kan ƙaya. Kafin ya zo, sai an sare itatuwa, an tumɓuke kututture, an rushe suri, an cike ramuka, an kwashe duwatsu. Ku da kuka san duwatsun Damagaram kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Akan zana babbar alama da farar ƙasa a tsakiyar fili domin matuƙi ya hango. Akan hura wuta mai hayaƙi domin ya ga inda iska ta nufa. Tsakanin manyan garuruwa kuma akan share ƙananan filaye, ko da jirgi zai sami matsala a hanya. Damina in ta wuce, ciyawa ta fito, sai a sake sharewa.

Sai kuma mai. Yau muna da matatar mai arewa da Damagaram, tun 2011. A wancan zamani ko ɗigo ɗaya sai an ɗauko shi daga bakin teku. Kayan Turawa da ke zuwa nan yawanci ta Kano suke biyowa: jirgin ƙasa daga Ikko, sa'an nan raƙumi, ko jaki, ko mota. Ga kuma ruwa, wanda tun da can yake wuya a garin nan. Ga masu gadin jirgi da dare, kada dabba ta taɓa yadin fiffike. Ga masu tura shi in ƙafarsa ta kafe a rairayi.

A zamanin nan akwai dokar aikin tilas. Kowane namiji baligi, gwamnati tana binsa wasu kwanaki a shekara, ya yi aiki ba lada. Kumandan ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa mai gari, mai gari ya fid da mutane. Da irin wannan aiki aka yi hanyoyin mota, da gidajen saukar baƙi, da filayen jirage a ƙasashen da Faransa ta mulka. Ba a soke dokar ba sai a watan Afrilu 1946.

In kun buɗe littattafan da Turawa suka rubuta a kan tafiye-tafiyen nan, za ku sami sunan matuƙi, da sunan bakanike, da lambar jirgi, da ranar tashi da ta sauka. Shi ya sa na iya kawo muku su yau ɗaya ɗaya. Masu gatari da masu raƙuma kuwa, in an ambace su, a dunƙule ake ambatarsu. Ba don aikinsu ƙarami ne ba. Dalili shi ne alƙalamin yana hannun wani. Malamanmu na allo suna da ajami, amma talaka mai share fili ba shi da boko, ba shi da ajami.

ABIN DA TAKARDA TAKE IYAWA

Jirgin itace da yadi ba ya daɗewa. Rana ta cinye yadi, gara ta ci itace. Breguet 14 an ƙera wajen 8,000, amma waɗanda suka rage ana ƙirga su da yatsun hannu. Ɗaya yana gidan tarihin jirage na Le Bourget, kusa da Paris. Duk da haka, wasu masu sha'awa a kudancin Faransa suka nemo tsofaffin zane-zane da awo, suka yi shekaru suna aiki, suka ƙera sabo. A 2003 ya tashi. A wannan shekara kuma, a Amurka, aka ƙera kwaikwayon jirgin Wright domin cikarsa shekara 100. Ranar bikin aka yi ruwa, iska ta ƙi, jirgin ya ƙi tashi a gaban taro. Mutane suka ƙara sanin wahalar da na farko suka sha. A 2016 wasu matuƙa suka ɗauko tsofaffin jirage masu fiffike hawa biyu, suka ratsa Afirka daga arewa, ta Masar, har Afirka ta Kudu.

Mu ma mun san kwaikwayo. Yaranmu suna ƙera mota da jirgi da karan dawa, har da farfela mai juyawa. A wasan kara na Damagaram, samari sukan kwaikwayi manya da kayansu, jama'a ta taru ta yi kallo. Hannu da basira muna da su. Amma yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba, bai kuma ji labarinsa ba. Turawan nan sun iya mai da jirgin da ya ɓace domin wani ya rubuta tsawonsa da faɗinsa ya ajiye. Labarin namu mutane kuwa a ka yake. Wanda yake ɗan shekara 10 ranar da jirage 28 suka sauka, yau ya haura shekara 100. Irinsu sun kusa ƙarewa. Saura ƴaƴansu da jikokinsu, waɗanda suka ji daga bakinsu a hirar dare. In su ma suka tafi ba a rubuta ba, shi ke nan.

AIKIN WANNAN MAKO

Ƴan uwa, kun sha wahala kun koyi baƙi da wasali. Ga wurin da za ku more shi. Kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu ko a unguwarsu. Ku gaishe su da ladabi, ku zauna, ku tambaye su. Baba, yaushe ka fara ganin jirgin sama? Inna, me iyayenku suka ce da suka fara jin ƙararsa? Wa aka ɗiba daga garin nan zuwa sharar fili? Kwana nawa suka yi? Me suka ci? Wa ya fara zuwa Makka ta jirgi a garinmu, daga wane fili ya tashi?

In tsoho bai san shekarar Nasara ba, kada ku matsa masa. Ku tambaye shi zamanin wane sarki ne, ko kafin wace yunwa, ko bayan wane yaƙi. Malamin aji zai taimake ku ku fid da shekarar. Ku rubuta sunan mai ba da labari, da sunan garinsa, da ranar da kuka yi hirar. Ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, kada ku ƙara gishiri. Ko layi biyar ne ya isa. Ku kawo aji a karanta, malami ya tattara ya aiko mana.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne bambancin jirgi na asali da na kwaikwayo?

2. Don me jiragen da suke sauka Damagaram, manyan jiragen yau kuwa suke wucewa ta sama?

3. Wane sarki ke mulkin Damagaram a 1925 da 1933?

4. Jirage 28 ne, kowane da mutum 2. Mutum nawa ke nan?

5. An tashi ran 12 ga Fabrairu 1925, an isa ran 3 ga Afrilu. Watan Fabrairu kwana 28 ne, Maris kwana 31. Ku ƙirga ku gani ko kwana 51 ne.

6. A wace shekara aka soke aikin tilas?

Nan za mu dakata. Muna gaishe da ƴan aji na Mirriya, Magarya, Matamai, Gure, Tanut da Tasawa, da duk inda ake saurarenmu. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.